Koren Allon Hafizullahi

Hafizullahi Wada matashi ne mai kaifin basira. Shi ke kula da rumbun bayanan wata ƙungiyar masu ba da gudummawar jini, wadda ta haɗa ƙananan asibitoci a Sabon Birni da Isa. A rumbun ake ajiye sunan kowane mai ba da jini da rukunin jininsa da lambar wayarsa, domin in an kawo mara lafiya a san wanda za a kira. Aibin Hafizullahi shi ne ba ya son a ce aikinsa na da gyara.

A ofishinsa na Sabon Birni ya kafa allon sa-ido. Aikin allon shi ne ya riƙa tambayar babbar na'urar da ke ɗauke da rumbun ko tana kunne. In ta amsa, sai ya nuna kore. Ba ya gwada neman suna, ba ya duba ko ma'ajiyar na'urar ta kusa cika. Duk ƙarshen wata Hafizullahi yakan nuna wa shugabannin ƙungiyar cewa allonsa bai taɓa yin ja ba, su kuwa su yi ta sa masa albarka.

Hajiya Naja'atu, mai kula da ɗakin gwajin jini a Isa, ita ta fara kuka. Ta gaya masa neman suna ya soma ɗaukar lokaci, har takan tafi ta wanke hannu ta dawo bai fito ba. Sai ya aika mata da hoton allon.

"Malam Hafizu, gaisuwa kawai kake yi da na'urar nan," in ji ta. "Ko mai jinya ka gaisar, lafiya lau zai ce maka."

Ya yi dariya, ya ɗora laifin a kan sabis ɗin intanet na Isa, ya ce, "Za ni duba, Hajiya."

Bai duba ba, amma maganar ta tsaya masa a rai. Ya san tsofaffin bayanai na taruwa a ma'ajiyar. Ya kuma san share su na nufin a kashe na'urar na wani ɗan lokaci, allon ya yi ja, a gani a rahoton wata. Kullum sai ya ce mako mai zuwa.

Wata ranar kasuwa da hantsi aka kawo wata mata mai suna Saude asibitin Isa daga Tozai. Ta haihu, jini ya ƙi tsayawa, ga rukunin jininta ba kowa ke da shi ba. An gwada na mijinta Jibrilla da na 'yan'uwan da suka rako ta, babu wanda ya dace. Naja'atu ta kira Hafizullahi, ta ce rumbun ya ƙi buɗewa gaba ɗaya. Ya ɗaga kai, allo kore shar. Ya gwada da kansa, babu abin da ya fito. Da ya leƙa cikin na'urar, sai ya tarar ma'ajiyar ta cika maƙil.

Ya shiga share-share, yana tsoron kada ya haɗa da sunayen da ake nema. Wayar ta sake ƙara.

"Mijinta na tsaye gabana," in ji Naja'atu a hankali. "Mi za ni ce mashi?"

Ya roƙe ta su ƙara haƙuri kaɗan. Ba su da wannan kaɗan ɗin. Aka sa Saude a mota, aka kama hanyar Sakkwato.

Sai bayan azahar rumbun ya buɗe. Sunan farko da ya fito a rukunin jinin Saude na Fatihu ne, wani tela da shagonsa ke bayan asibitin, wanda ya wuni yana ɗinki bai san ana nemansa ba. Kafin la'asar labari ya iso cewa Saude ba ta kai Sakkwato ba, ta rasu a hanya. Hafizullahi ya ajiye wayar. Babu wanda ya kore shi. Shi ya miƙa makullan ofishin da kansa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne: wanda aka ba amanar na'urar da rayukan mutane suka dogara a kanta, ya auna ainihin aikin da take yi, ba abin da zai faranta masa rai ba. Ya saurari koken masu amfani da ita, ya yi gyara tun matsalar tana ƙarama, ko da za a ga gazawarsa. Kunyar rahoto mara kyau tana wucewa, amma rai in ya tafi ba ya dawowa.