Kurege da Harajin Taki

Ga wata nan tafe, ku matso ku karɓe ta da ɗuminta.

Wata shekara Zaki, sarkin dawa, ya ɗora wa manoma harajin taki. Kowa ya taka gonarsa da ƙafarsa, taki ɗaya mudun gero ɗaya. Kura ce mai karɓa, ga buhu a kafaɗa, ga miyau yana dalala.

Giwa ta shiga gonarta, wadda ta tashi daga bakin rafi har gindin dutse, ta yi taki talatin, ta fito tana murmushi. Maƙwabcinta Kurege ya shiga tasa, 'yar mitsitsiya kamar shimfiɗar tabarma, ya yi ta dakan ƙasa da 'yan ƙafafunsa har taki ɗari uku. Rumbunsa kuwa kaf mudu arba'in ne a ciki. Kura ta ce jibi za ta zo ta kwashe, sauran kuma ya zama bashi.

Kurege ya zauna ya yi tagumi, ransa ya ɓaci ƙwarai. Can sai ya kaɗa wutsiya, ya ce, "Ni Kurege, na kwana da yunwa Giwa na gyatsa? Ba a haifi mai cin rumbuna ba tukuna!"

Da gari ya waye ya sheƙa fada, ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, ana cutarka. Duk mai taka gonarsa buɗe ƙafa yake yi, wasu har da tsalle. Da ni ne kai, maƙwabci zai taka ta maƙwabci."

Zaki ya murza gashin baki, ya ce, "Kai, ɗan ƙaramin nan da kai! A yi haka."

Giwa ta zo gonar Kurege, ta ɗaga ƙafa, kafin ta sauke ta wuce iyaka. Kura ta sosa ƙeya, ta ce rabin taki ne, rabin mudu ke nan. Shi kuwa gogan naku ya shiga gonar Giwa yana 'yan taku ƙanana kamar amarya, kwana uku cur, ya fito da taki dubu tara da ɗari biyu. Giwa ta ɗora hanci a ka ta kurma ihu.

To, da Kurege mai hankali ne ai sai ya auna rabin mudu ya huta. Ina! Ya dubi geron nan ya ji kamar haƙorinsa za a cire. A dokar Zaki kuwa akwai sassauci: matar da ke takaba an yafe mata harajin shekara.

Da gari ya waye Kura ta iso da buhunta, ta tarar da wata a ƙofar ramin Kurege, ta lulluɓe da tsohon zane har ƙasa, tana rusa kuka.

"Baiwar Allah, lafiya? Ina maigidan?"

"Wayyo ni, ya rasu! Gonar Giwa ce ta ƙarasa shi, kwana uku yana tafiya ba ci ba sha."

Kura ta yi salati, ta ce an yafe. Ta kuma aika wa Giwa cewa tunda a gonarta aka yi wahalar, ta kawo damin gero na gaisuwa. Kurege a cikin zane kamar ya tashi ya taka rawa.

Giwa ta zo da damin, ta ajiye, ta zauna. Ta dubi zanen, ta ga wani gashi buzu-buzu yana leƙowa ta ƙasa. Ba ta nuna ta gani ba.

Ta ce, "Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri. Mutumin kirki ne, sai dai rago. Ni na san bai taka gonata ba. Inuwa ya samu ya yi ta barci, ya tashi ya ƙago lissafi. Wannan ɗan abin ko taki ɗari ba zai iya ba."

Zane ya fara rawa. Giwa ta ƙara da cewa, "Ƙirga goma ma sai an taya shi."

Sai ga marigayi ya yi wurgi da zane, ya dira tsakar fili. "Wa ye ragon? Dubu tara da ɗari biyu, da ƙafafun nan nawa! Ga kantar nan, duba!"

Kura ta ce, "Au, sannu da dawowa."

Kafin ya juya Giwa ta naɗe shi da hanci ta maka da ƙasa, Kura ta bi shi da bakin buhu tim, tim. Da ƙyar ya suɓuce, ya faɗa wani rami yana ɗingishi. Yana leƙe aka kwashe rumbunsa tas, aka haɗa da damin gaisuwar. Da labari ya kai fada, Zaki ya ce daga yau da igiya ɗaya za a riƙa awon gonar kowa.

Kurege ya turo kumburarren kai daga rami, ya ɗaga murya. "Igiyar ma albarkacina kuka ci! Kuma ku shaida, ƙwace kuka yi. Rabin mudun nan dai ban biya ba!"

Tun ranar bai sake noma ba. In kun gan shi a gonarku kumatu cike, kada ku ce sata yake yi, shi a wajensa geronsa yake karɓa da kaɗan-kaɗan.

Ƙurunƙus, ta ƙare a bakin ramin Kurege.