Mai Lambun da Ya Datse wa Farare Hanya

Ku yaran yanzu, kun ajiye kunya a inda ba wurinta ba. Kuna aikata abu ido a bushe, sai an gani ne kunya take kama ku. Dattijo ya ja ɗayanku gefe ya yi masa faɗa, mako mai zuwa a tarar da bencinsa babu kowa a sujada, wai an ci masa mutunci. Ku ajiye wayoyin nan, ku zauna da kyau, ku ji.

Akwai wani mutum mai lambu a bakin kogi. Ba shi ya kafa lambun ba. Mai ƙasar ne ya shirya shi, ya ja hanyoyin ruwa manya da ƙanana har zuwa kowane fangalin shuka, sa'an nan ya danƙa masa ya ce, "Ka ci amfaninsa. Abu ɗaya na hana ka, kada ka datse ruwa." A tsakiyar lambun akwai jigo mai ɗiban ruwa, ba ya hutawa, ba kuwa wanda ya taɓa ganin mai jansa. Bugunsa kawai ake ji.

A cikin ruwan nan akwai waɗansu ƙananan halittu farare. Ba su da fuska, ba su da ƙafa, ba sa magana. Suna bin ruwa duk inda ya nufa, su kewaye lambun su komo, su sāke kewayewa. Mutumin ba ya son kallonsu. In ya sunkuya wanke hannu ya ga ɗaya ya wuce ta tsakanin yatsunsa, sai ya janye hannun da sauri.

A hayin kogin akwai wani tsohon lambu da ruɓa ta cinye, masu shi suka watse, aka hana kowa ɗaukar ko ganye daga can. Wata rana mutumin ya bi ta wurin, ya ga dashen albasa kore shar ya fito shi kaɗai. Ya duba gabas ya duba yamma, ya tuge, ya ƙunshe a riga. Ya kawo ya dasa a fangali na ƙarshe ta hannun hagu, wanda yake bakin hanyar kasuwa.

Ba a daɗe ba wani wari ya fara tashi daga gindin albasar. Sai hanyar ruwan da take zuwa wurin ta buɗe, ta yi faɗi. Ruwan ya yi ɗumi. Fangalin ya kumbura, ƙasarsa ta yi ja. Mutumin ya tsaya da fartanya a kafaɗa da rana tsaka, ya ga abin da bai taɓa gani ba. Fararen da suke wucewa da gudu suka rage sauri. Suka riƙa mirginawa a jikin gaɓar ruwa, suna kamawa suna saki, har suka manne. Sai kowanne ya baje kansa, ya kutsa ta jikin gaɓar, ta inda ko tururuwa ba za ta iya shiga ba, ya ɓulla cikin fangalin. Ba wanda ya nuna musu hanya, warin suke bi. Da suka kai gindin albasar suka tarar da waɗansu baƙaƙen abubuwa ƙanana suna hayayyafa, suka lulluɓe su suka haɗiye. Wanda ya cika ciki sai ya mutu a nan, na baya ya hau kansa. Gawarsu ta taru fari fat a kan ƙasa, ba a ji ko kukan ɗaya ba.

Masu zuwa kasuwa suka fara tsayawa. Wani mai jaki ya ce, "Mai lambu, fangalin nan naka ciki gare shi? In ya sauka a gaya mana ranar suna." Aka yi dariya. Mutumin ya yi yaƙe, zuciyarsa kuwa tana tafasa.

Yana da gwaggo, yayar mahaifinsa, tsohuwa mai ɗan tsinkar ganyen miya a lambun. Ta zo ta sa tafin hannu a ƙasar, ta ji zafi, ta ɗago.

"Ina ka samo dashen nan?"

"A kasuwa, Gwaggo."

"Kasuwar hayin kogi, wadda ba mai saye ba mai sayarwa?" Ya ɗauki fartanyarsa kamar bai ji ba. Ta ce, "Tuge shi ka ƙone, ka je ka gaya wa mai ƙasa, ka bar fararen nan su gama aikinsu. Zafin nan da kake ji yaƙi ne, kuma dominka ake yi."

"Haba Gwaggo, sai duk gari ya san inda na je?"

"Ɗan nan, gari yana da hanci."

Da ta tafi ya tsaya yana tunani. A ganinsa fararen nan ne suke tona masa asiri, da ba su zo ba da ba kumburi, da ba wanda zai tsaya. Kowane mai lambu kuwa ya san yadda ake rufe bakin fangali, hannu ya saba da shi. Ya sa fartanya ya ɗebo taɓo, ya toshe hanyar ruwan, ya danna da ƙafarsa ta hagu. Ya kawo busasshiyar ciyawa ya rufe wurin.

Zafin ya kwanta. Masu wucewa suka daina tsayawa. Mutumin ya ce a ransa, na huta.

Amma da ya leƙa madatsin sai ya ga fararen sun taru a bayansa, sun cika hanyar, waɗansu a kan waɗansu, ba motsi. Ba su da ido, duk da haka ya san shi suke kallo. Ya juya zai tafi, ya ji babban yatsansa na ƙafar hagu ya yi sanyi, alhali rana tana dukan ƙasa.

Gwaggo ta gan shi yana jan ƙafa. Ta ce, "Me ya sami ƙafar?"

"Ƙaya ce."

"Ƙayar da ba ta zafi? Buɗe musu hanya tun da sauran hanya."

Ya ce to. Tana ba da baya ya ƙara taɓo.

A ƙarƙashin ciyawar ƙasa ta yi baƙi. Baƙin ya ci fangalin, ya haura na kusa da shi, ya kama na gaba. Babu zafi yanzu, babu kumburi, sai sanyi da wari. Ƙafar mutumin ma ta yi baƙi har ƙwauri. Ya soka mata allura don ya gwada, bai ji kome ba. A nan tsoro ya kama shi. Ya ja jiki zuwa madatsin, ya tone taɓon da hannuwansa yana cewa, "Ku wuce, ku wuce, na buɗe." Ruwa ya taho, fararen suka biyo shi da gudu, suka kai bakin baƙar ƙasar suka tsaya. Hanyoyin ruwan da suke cikin baƙar ƙasar sun riga sun rufta, ba ta inda za su bi. Suka jeru a kan iyaka, tsakanin mai rai da matacce.

Sai ga mai ƙasar ya zo da ma'aikatansa. Bai ɗaga murya ba. Ya bi sahun fararen da sandarsa yana jan layi a ƙasa, ya ce wa ma'aikatansa, "Daga nan zuwa hanya, a yanke. In an bar shi zai kai ga jigo."

Ma'anar wannan misali ita ce, lambun nan jikinka ne, Ubangiji ne ya shirya shi ya ba ka riƙo. Jigon zuciyarka ce, hanyoyin ruwa jijiyoyin jini ne. Fararen kuwa su ne fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ku masu boko kuka karanta a makaranta kuka manta. Suna kewaya jikinka kana zaune a nan. In ƙwayar cuta ta shiga ta wani rauni, sukan manne a jikin jijiya, su ratsa ta, su bi alamar ciwon har su iske cutar su haɗiye. Yawancin mugunyar da kake ƙyama gawarsu ce. Don haka wanda ya ji ciwo ya ɗaure ƙafa tamau da tsumma ya bar ta haka, ko ya shafe miki da ƙasa ya ɓoye cikin wando, ya tare wa masu taimakonsa hanya. Ka kai ciwonka asibiti a wanke tun yana zafi.

Haka yake ga rai. Dashen sata zunubin da ka shigo da shi ne a ɓoye. Mahaifiyarka da ta tsare ka da tambaya, dattijon da ya biyo ka har gida, da lamirinka da ya hana ka sakewa, aiko su aka yi. Zuwansu da zafi yake, yakan kuma sa mutane su gani. Kana iya toshe su duka, ka daina zuwa sujada, ka daina amsa kira, za ka kuwa ji sanyi. Ranar da aka yi maka faɗa ba ka ji kome ba, ranar ce ya kamata ka ji tsoro.

Mutumin nan bai mutu ba, gama mai ƙasar yana da jinƙai. Amma yankan da aka yi wa lambun ya shafe shi ma. Ya farka a kan tabarma, gwaggonsa tana zaune a gefe tana kore masa ƙuda. Ya miƙa hannu zai sosa ƙafarsa ta hagu, hannun ya wuce gwiwa ya sauka a kan tabarma.