Gawo da Rigar Ɗari

Dalilin da ya sa gawo yake tsayawa tsirara da damina, sa'ad da kowane itace ya sha kore, sannan ya yi ganye shar lokacin ɗari, ba hauka ba ne, yara. Fushi ne, kuma ni dai ina bayansa.

A zamanin da, riga ɗaya ake ba kowane itace a shekara. Damina ce ke zuwa da su a ruwan farko, ta miƙa wa kowa tasa ta ganye. Rigar ba ta da ƙarko sosai. Wanda ya lallaɓa ta, takan kai shi ƙarshen sanyi. Al'ada kuwa ita ce, in ɗari ya sauko, manya su buɗe rigunansu su rufe 'yan tsiron da ke gindinsu.

Amma itatuwa akwai son rawa. Da iskar hadari ta kaɗa sai su hau juyi, wai suna yi wa Damina maraba, kafin kaka riguna sun zama tsumma. Uwar rawar kuwa Gwaggo Kuka ce, ƙatuwa mai faɗin gindi, ba a taɓa yin hadari ta zauna ba.

Gawo ya san abin da rawar nan ke haifarwa. Yana ƙarami, shi da ƙanwarsa a gindin Kuka suka tsiro. Bai manta sanyin yarintarsa ba: da safe yaran makiyaya su zo su hura wutar kara, ƙafafunsu duk kaushi, bakinsu na fitar da tururi, shi da ƙanwar suna karkatowa su saci ɗumi suna dariya. Sai wata shekara aka yi muku-mukun da ko makiyaya ba su fito ba. Gawo da ƙanwarsa suka ɗaga kai neman rigar Kuka, babu komai sai rassa. Gawo ya jure don ya ɗan fi kauri. Ƙanwarsa kuwa, wata safiya ya kira ta, ya sake kira, sai ya ga ta bushe a tsaye. Abin da Kuka ta ce kawai shi ne, “Allah sarki, kwana ya ƙare.”

Ya girma da maganar nan a ransa.

To, wata shekara, ranar da Damina ke rabon riguna, sai ga Shamuwa, tsuntsuwa mai yawan tafiye-tafiye, ta sauka a kan Gawo.

“Ku yi shiri,” in ji ta. “Ɗarin bana ba irin wanda kuka saba ba ne. Tsofaffin tsuntsaye sun ce ba su taɓa jin ƙanshin irinsa ba.”

Gawo ya dubi gindinsa. Akwai wata 'yar tsiro a wurin, jikar Kuka ce, biri ya yar da ƙwallon ta fito. Tsayinta daidai da na ƙanwarsa. Kullum da safe takan ce, “Kawu, ina kwana?” Ya san in sanyin nan ya same ta a buɗe, ba za ta kai labari ba.

Ya ɗaga murya ya ce, “Jama'a, kun ji Shamuwa. Kowa ya ninke rigarsa ya ajiye. Bana a bar rawa.”

Kuka ta yi dariya har rassanta na girgiza. “Kai yaro, Damina ta zo mana da kaya, mu tarye ta tsirara? Ina kunya?”

“Gwaggo, ga jikarki nan a gindina. Da me za a rufe ta?”

“Allah ke rufe kowa.”

“Haka kika ce wancan karon!”

Kuka ta ce, “Kai, ni kake wa tsawa? Ni na raine ka.”

“Mu biyu aka ba ki,” in ji Gawo. “Ina ɗayar?”

Iska ta taso, Kuka ta juya masa baya ta shiga rawa, sauran suka bi ta. Ran Gawo ya ɓaci. Nan take ya tuɓe sabuwar rigarsa, ya ninke ta, ya cusa a cikin ɓawonsa, ya tsaya fari fat da ƙayoyinsa a waje.

Wane irin wulakanci ne bai gani ba daminar nan! Ɗorawa ta ce ya zautu. Marke ya ce rowa ce, ko kansa ba ya iya yi wa kyauta. Tsuntsaye suka daina sauka a kansa don babu inuwa. Ruwa ya dake shi, rana ta gasa shi. Ita ma 'yar tsiron ta ce, “Kawu, ba ka jin kunya?” Ya ce, “Ina ji. Yi shiru ki girma.”

Kaka ta wuce, sai ga ɗarin. Ya zo da ƙarfinsa, ruwan tafki ya zama ba ya taɓuwa, awaki suka ƙi fita daga gari, ko tsuntsu ɗaya ba ka jin kukansa. Itatuwa suka laluba jikinsu, babu ko tsumma. 'Yan tsiro suka yi ta bushewa a gindin iyayensu. Gawo ya fito da rigarsa sabuwa dal, ya sa, ya sauke rassansa ya lulluɓe yarinyar.

Kuka, haƙoranta na kaɗawa, ta ce, “Ɗana, ɗan yago mini gefe.”

“Ke kina da kauri, za ki kai,” in ji shi. “Rigar nan ta wadda ba za ta kai ba ce.”

Kowace safiya Gawo yakan tsaya yana sauraro, sai ya ji ƙaramar murya ta ce, “Kawu, ina kwana?” A duk dajin, ita kaɗai ce 'yar tsiron da ta ga ƙarshen sanyin.

Kuna tsammanin sun yi hankali? Ina! Da ruwan farko ya sauka, kowa ya karɓi riga ya hau juyi. Kuka ta ce, “Gawo, ai abin ya wuce, zo mu taka.” Ko sannu ba ta yi masa ba.

Damina da kanta ta miƙa masa sabuwar riga, ta ce, “Bara ka ƙi yi mini ado. Bana fa?”

Gawo ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ninke ta a gaban idonta, ya ajiye.

“Ranki ya daɗe, ba ke nake gaba da ita ba,” in ji shi. “Na san wanda ke zuwa bayanki, kuma na san waɗannan ba za su rufe kowa ba.”

Shi ya sa har yau, in kun je gona da damina, za ku ga gawo tsaye tsirara a tsakiyar kore, bai huce ba. In kuma sanyi ya sauko, ku dubi kuka, ba ta da ko ganye ɗaya. Sannan ku dubi gawo, ku ga yadda ƙanana ke fakewa a gindinsa.