Katakon da Ya Sami Baba a Ka

Akwai wani kafinta, gwani ne na gaske, amma ya ƙi jinin a ce ya yi kuskure. A shagon mahaifinsa ya koyi aiki, har tsohon ya sakar masa ragama ya koma kan benci yana miƙe lanƙwasassun ƙusoshi.

Sau nawa Baba ya hana shi jingina dogayen katakai a bayan ƙofa, ya yi kunnen uwar shegu.

Wata rana kafinta ya ja ɗaya, wani ya zame ya sami tsohon a ka. Ba jini, ba kumburi. Baba ya shafa wurin yana dariya, ya ce kan nan ya ga abin da ya fi haka. Su biyu ne a shagon, kafinta kuwa ya ja bakinsa ya tsuke.

Bayan sati uku Baba ya fara ciwon kai da jan ƙafa. Yakan zuba wa bango ido, yana kiran jikarsa da sunan matarsa da ta rasu. 'Yan gida suka ce tsufa ne.

A asibiti likita ya tambaya, "Ya faɗi, ko ya bugu a ka kwanan nan?"

Yayar kafinta ta juyo ta dube shi, don shi ke yini da tsohon.

Ya ce, "A'a."

Sai da Baba ya kasa tashi aka yi hoton ƙwaƙwalwa. Likita ya ce jijiyoyin kan tsoho ba su da ƙwari, ƙaramin bugu kan tsinka ɗaya, jini ya yi ta tsattsafowa a ɓoye har ya danne ƙwaƙwalwa. An yi aiki an cire jinin, amma an makara. Baba bai sake gane kowa ba.

Kafinta ya kasa ci, ya kasa riƙe guduma. Ranar da ya durƙusa gaban gado zai nemi gafara, tsohon ya ɗauka likita ne. Ya kamo hannunsa, ya rage murya.

"Likita, ni na faɗi da kaina. Yarona ba ruwansa."

Darasi: Bugu a ka ba a raina shi, ballantana ga tsoho, kuma likita ba a ɓoye masa gaskiya. Kunyar minti ɗaya ta fi nadamar har abada sauƙi. Ku tura wa duk mai dattijo a gida.