Taron da Ya Ruɓar da Tumatir

Akwai wani mutum mai lambu a bakin kogi. Wata shekara Ubangiji ya sa wa tumatirinsa albarka, ya nuna jawur. Sai ya shirya da wani direba ya zo washegari da hantsi ya kwashe kayan zuwa kasuwa. Tumatir kuwa ba ya jira, in ya wuce ranarsa sai ya zama ruwa.

Da yamma ya tara ma'aikatansa a gindin mangwaro. To, bawan Allahn nan akwai son magana, in ya fara ba ya sanin inda zai tsaya. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya shiga zancen shingen da awaki suka fasa, ya koma kan injin ban ruwa da ke yawan mutuwa, ya ba da labarin lambu a zamanin mahaifinsa. Can a tsakiya ya ambaci mota, ya wuce, ya sake komawa kan awaki.

Al'adarsu kuwa ba a katse maigida, ba a kuma yi masa tambaya a gaban jama'a. Kowa ya sunkuyar da kai yana cewa, "Haka ne, Baba."

Da ya gaji ya ce, "Kowa ya gane ko?"

Suka ce, "Mun gane, Baba."

A hanyar gida ɗayansu, Ayuba, ya dubi abokan aikinsa Dogara da Rifkatu ya ce, "Wai me aka ce mu yi gobe?"

Dogara ya ce, "Gyaran shinge mana."

Rifkatu ta ce, "Wane shinge? Ni inji na ji."

Ayuba ya ce, "Kai, kaina ya ɗaure. Ba mota aka ce za ta zo ba? Mu koma mu tambaye shi."

Dogara ya ce, "Wa? Ni? Ya ce ban saurare shi ba?" Haka suka rabu, kowa da nasa.

Gari na wayewa Dogara ya shiga daji saran ƙaya. Rifkatu ta tafi kiran makanike. Ayuba ya tsaya a bakin titi yana jiran mota, da ta iso ya rako ta har lambu. Ga tumatir a jikin itacensa, ga kwanduna a kife. Direba ya jira, ya gaji, ya yi tsaki, ya wuce wani lambun. Kafin a samu wata motar, rabin kayan ya ruɓe.

Ran maigida ya ɓaci ƙwarai. Ya shiga gida yana faɗa, "Na tara su, na yi magana har muryata ta dushe!"

Matarsa ta ce, "Sannu, Maigida. To, wa ka ce ya tsinka?"

"Ai na faɗa!"

"Wa ka faɗa wa?"

Ya yi ta laluben taron a ransa, ya tarar da awaki, ya tarar da inji, bai tarar da suna ko ɗaya ba.

'Yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Lambun shi ne aikin da Allah ya danƙa mana, a ofis ne, a asibiti ne, ko a kwamitin ikilisiya. Mai lambun shi ne duk wanda ya kira taro bai ware abu ɗaya da ya kawo shi ba. Ma'aikatan kuwa mu ne, masu cewa "mun gane" don kunya, alhali ba mu gane ba. Wannan ba ladabi ba ne, ƙarya ce, kuma ni kam tana ba ni haushi. Kai mai jagora, rage magana, ba da wurin tambaya, kada a tashi sai kowane aiki yana da sunan mai yinsa da lokacinsa. Kai mai sauraro, tambayar da za ka yi wa Dogara a hanya, yi ta tun kana gindin mangwaro.