Ladingo da Mai Haƙa a Ƙarƙashin Dandamali

Ɗanliti, ajiye wayar nan. Tanimu, jawo tabarma ka zauna, tsayuwar ba ta ƙara maka gaskiya. Barmani, miƙa wa uban yaron nan ɗansa ki matso kusa. Tun hantsi nake jin ku kuna ta sa-in-sa a kan ramukan da aka haƙa ƙarƙashin dandamalin ubanku a lambu. Wannan ya ce a zuba guba, wancan ya ce a rushe a huta, ita kuma ta ce kaji da yara a nan suke wuni. Ban sa muku baki ba. Yanzu rana ta faɗi, an ci an wanke hannu, magana ta zo kaina. Kun yi gemu, kun yi 'ya'ya, amma ba ku fi ƙarfin tatsuniya ba.

Ga ta nan, ga ta nanku, ku manyan yara.

Kun yi shiru, girma ya hana ku amsawa. To na amsa muku: ta zo mu ji ta, ko da za ta yi mana ɗaci.

A wani gari can bakin rafi, an yi wata mata ana ce mata Ladingo. Tana da lambu. A tsakiyar lambun akwai dandamali na azara, an jera su a kan gajerun dirkoki, tsayinsa bai kai gwiwa ba, ko ɗan akuya ba ya iya shiga ƙarƙashinsa. A kansa take shanya kuɓewa da barkono. A kansa kuma take ajiye kwandon irin gyaɗarta, don ya riƙa shan iska kada danshi ya taɓa shi.

Irin nan ba na kasuwa ba ne. Wata 'yar jar gyaɗa ce ƙanana, mai maiƙo, ta gada wurin uwarta, uwar ta gada wurin tata uwar. Duk garin ba mai ita sai Ladingo. In ta ƙare a hannunta, ta ƙare ke nan. Ga damina ta kusa, hadari ya fara leƙowa ta gabas.

Ladingo kuwa tun tana yarinya aka hore ta da abu guda: mace ba ta fara komai da safe sai ta yi shara. Kullum kafin gari ya gama wayewa tana lambu da tsintsiya, ta share gindin dandamali fes, sannan ta kama aiki. Rana na take tsaka sai ta tafi gida girki, ba ta dawowa sai wata safiyar.

Ran nan ta gama shara, haske ya fito, sai ta ga dandamali ya karkata. Ta duƙa, sai ga ramuka a gindin dirka. Ta ɗaga kwando, sai ta ji ya yi sauƙi. An huda shi ta ƙasa, ta tsakanin azara.

Sai ta ji murya daga kan shinge.

"Inna Ladingo, ina kwana? Na ga kin tsaya kin riƙe ƙugu."

Kurege ne, maƙwabcinta, yana zaune yana gyaran gashin baki.

Ta ce, "Ana sace mini iri, ɗan nan. Kuma sai na san ko wane ne."

Ya ce, "Ai ba sai kin wahala ba, Inna. Sunkuya ki shinshina."

Ta sunkuya, sai wani wari ya buge ta. Kurege ya ce, "Jaba ce. Kowa ya san ta."

Sai Ladingo ta zura sanda a ramin ta yi ta zungura, har Jaba ta fito tana ƙyafta 'yan idanunta.

Jaba ta ce, "Baiwar Allah, me na yi miki?"

"Kin haƙa mini rami, kin cinye mini iri."

"Dubi bakina, siriri kamar tsinke. Da me zan fasa gyaɗa? Dubi hannuwana, da me zan haƙa wannan uban ramin? Gara nake ci, wadda ke hawa dirkokinki."

Ladingo ta toshe hanci ta ce, "Da wannan warin kike so in tsaya sauraron ki? Fice mini."

Jaba ta kwashe 'ya'yanta, kowane ya kama wutsiyar na gabansa, suka bi hanya. Ladingo ta cike ramukan da ƙasa, ta ɗinke kwando, ta ba Kurege gyaɗa cikin tafi ladan gaskiyarsa.

Washegari ta zo, ta yi shara, haske ya fito. Sai ga ramuka a buɗe, har da sabo. Kwando ya koma rabi.

Kurege yana kan shinge. Ya ce, "Ashe ba Jaba kaɗai ba ce. Inna, kin manta da Gafiya? Wa ya kai ta sata a garin nan?"

Ladingo ta ɗauki fartanya ta nufi gindin tsamiya inda Gafiya ke zaune. Ta yi ta haƙa, ta yi ta haƙa, gumi na zuba, har ta kai ɗakin ajiya. Sai ga ƙwallon dabino, ga ɓawon rogo, ga wani cokali, ga zoben Ladingo da ya ɓace tun bara. Jar gyaɗa kuwa ko ƙwaya babu.

Gafiya ta fito tana kakkaɓe ƙasa daga kunnenta. Ta ce, "Ɓarauniya ce ni, Ladingo, ban taɓa musu ba. Ɗauki zobenki. Amma wannan satar ba tawa ba ce, kin rushe mini gida a banza."

"In ba ke ba, wa?"

"Ni zan faɗa miki? Duk wanda ya shiga rami ya fito, yana barin sawu a bakin ramin. Ke kuwa kullum kafin ido ya ga ƙasa kin bi da tsintsiya kin share. Ɓarawonki bai taɓa samun baiwa irinki ba."

Maganar ta soki Ladingo. Ta saɓa fartanya ta koma.

Rana ta uku, abin da ya rage a kwando bai fi cikin ƙoƙo ba. Kurege ya sauko har gabanta, ya yi kalar tausayi.

Ya ce, "Inna, wannan abin ya wuce sanda da fartanya. Wani ƙato ne can cikin ƙasa. Tara kara a ƙarƙashin dandamalin ki cinna wuta, ko waye zai fito."

Ta dubi busassun azara, ta dubi kwando, ta dubi Kurege. Ta lura ya yi ƙiba, wuyansa har ya ninke. Ta ce, "Shawara ce. Bari sai gobe."

Da yamma, lokacin da ba ta saba zuwa ba, sai ta dawo da toka a ƙwarya da rariya. Ta tankaɗe tokar kewaye da dandamali, laushi kamar garin tuwo. Ta cusa busasshen ganye a bakin kowane rami, sako-sako, yadda in akwai mai shiga da fita zai ture shi. Ta tafi.

Da safe ta zo, hannunta na ƙaiƙayin tsintsiya. Ta jefar da ita bayan shinge, ta zauna ta jira haske. Haske ya fito, toka na nan sumul, ganye na nan yadda ta sa.

Ta ce a ranta, "Ashe ɓarawon nan ba ya aiki da duhu. Ni na ɗauka duk ɓarawo sai dare."

Ta juye ragowar irin a tulu, ta rufe da kasko, ta shafe bakin da taɓo. Ta zuba tsakuwa a kwando ta mayar wurinsa. Rana ta take tsaka, ta tafi gida kamar kullum.

Tana ba da baya, sai ga Kurege ya zo yana rangaji yana waƙa:

"Ladingo ta tafi girki,
Kwando ya zama nawa.
Gobe ta zo da tsintsiya,
Ta share mini sawu."

Ya ture ganye ya shige, ya hau ta tsakanin azara ya huda kwando. Ya kai cizo, sai tsakuwa ta kusa cire masa haƙori. Ya ce bari ya kwanta a ramin har zafin ya lafa.

Da la'asar Ladingo ta dawo. Sai ga sawu a kan toka, 'yan yatsu masu dogayen farata. A bayan sawun an ja wani abu mai faɗi kamar an goga buroshi. Ta ce, "Wutsiyar Gafiya siririya ce kamar bulala. Ta ɓera kamar zare. Mai wutsiya buzu-buzu guda ɗaya na sani, kuma ni na ba shi lada da hannuna."

Ba ta yi gaggawa ba. Ta bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, ta ga wanda aka ture wa ganye, ta danne sauran da duwatsu. Ta zaga lambun tana duba gindin ciyawa, har ta gano ƙofar gudu can jikin shinge. Ta ɗaura buhu a bakinta. Ta ɗebo ruwa a rafi ta jiƙa azara sharkaf, don kada tartsatsi ya kama. Sannan ta sa garwashi a kasko, ta zuba barkono, ta kara a bakin rami ta kama fifita.

Sai ta ji atishawa a cikin ƙasa. Ta ci gaba da fifita. Sai ta ji tari. Ta ƙara barkono. Can sai buhu ya yi tsalle a jikin shinge. Ta je ta ɗaure bakinsa.

Daga ciki Kurege ya ce, "Inna, ni ne. Na shiga in kamo miki ɓarawon ne."

"Ka kuwa kamo shi. Yana cikin buhu."

Sai ya canza murya. "To mu yi magana ta manya. Gyaɗarki ban cinye duka ba. Mafi yawa na binne ta nan da can a cikin lambun nan, ɗaya-ɗaya, ni kaɗai na san wuraren. Abin da ke hannunki ba zai shuka miki kunya biyu ba. Ki sake ni, ki bar mini ƙarƙashin dandamali, in riƙa tono miki kaɗan-kaɗan. In kin ƙi, irin uwarki ya ƙare a kanki."

Ladingo ta zauna a kan dutse. Maganarsa gaskiya ce, abin da ke tulu bai taka kara ya karya ba. Ta daɗe tana kallon ƙasar lambun. Sai iska mai sanyi ta taso daga gabas, ta ɗaga kai ta ga hadari ya yi baƙi.

Ta ce, "A cikin lambuna ka ce ka binne?"

"A ciki, Inna."

"Zurfin yaya?"

"Kamar tsawon ɗan yatsa."

Ta ce, "Ashe shuka ka yi mini. Ba na bukatar ka nuna mini, ruwa zai nuna."

Ta saɓa buhu, ta ƙetare rafi tun bai cika ba, ta yi nisa cikin daji, ta zazzage shi. Ta ce, "Ban kashe ka ba don ka yi mini aikin gayya. Amma in na sake ganin wannan wutsiyar a tokata, ba za mu yi magana ba."

Ta dawo ta cike ramukan da tsakuwa da tsingaro da ƙaya, ta daddaɓe. Da ta zo miƙe dandamali, sai dirka guda ta ruguje a hannunta. Gara ta cinye cikinta tas tun ranar da aka kori mai cin ta. Ladingo ta sa sabbin dirkoki dogaye, yadda haske zai shiga ƙarƙashi, ido ya ga komai. Sannan ta tafi neman Jaba, ta same ta a wani juji.

Ta ce, "Na zalunce ki. Ki dawo."

Jaba ta ce, "Warin fa yana nan yadda kika san shi."

"Na sani. Hancina ne ya yi shari'a ran nan, yanzu na tsige shi."

Jaba ta jawo 'ya'yanta suka dawo. A ranar ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Bayan 'yan kwanaki sai ga gyaɗa ta tsiro ko'ina a lambun, gindin shinge, bakin kwari, tsakanin kuɓewa, ba layi ba tsari. Ladingo ta bi kowace ta yi mata huɗa. Shekarar nan ta cika kwando har ta ba maƙwabta iri, don kada ya sake zama a hannun mutum ɗaya.

Shi ya sa har yau in kun ga Kurege a daji, zai miƙe tsaye da ƙafa biyu yana leƙe. Ladingo yake dubawa. In ya ruga kuma yana kaɗa wutsiya a bayansa, sawunsa yake sharewa da kansa, tunda ya rasa mai yi masa.

Abin da ke ciki ba ɓoyayye ba ne. Kada ka ɗauki makami kafin ka san da wa kake faɗa, kuma wanda ya fi kowa saurin nuna maka mai laifi, ka fara duba ƙafarsa.

Ƙurunƙus, kan kurege mai wutsiya. In akwai ƙarya a ciki, ta Kurege ce, ba tawa ba.

To, Ɗanliti, a cikinku wa ya ga abin da ke haƙa ramin nan da idonsa? Babu. Gubarka ba ta tambayar suna, kazar Barmani za ta ci, ɗanta zai tsinta. Kai kuma Tanimu, ubanku ya sassaƙa azarar nan da hannunsa, ba za a rushe ta saboda dabbar da ba a ma san ko wace ce ba. Ga toka can a murhu, ga rariya a rataye. Barmani, gobe kada ki bar kowa ya yi shara a wurin. Ku je ku duba tare, ku zauna ku uku ku daidaita a kan abu guda, sannan ku zo mini da magana ɗaya. Ba na son in sake jin uku.