Kunyar Ɗan Fari

An ce wani sarki aka yi a wata ƙasa mai nisa, mai ƙarfin mulki da saurin fushi, wanda Allah ya ba shi ɗan fari namiji, aka raɗa masa suna Shu'aibu. To, al'adar mutanenmu ce uba ya ji kunyar ɗan fari: ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa a gaban jama'a, ba ya yi masa wasa. Abu ne mai kyau in an yi shi da awo, amma shi wannan sarki sai ya wuce gona da iri. Ana yaye yaron ya aika da shi riƙo wajen ƙanensa, hakimin wani gari na bakin iyaka. Sau ɗaya ya ƙara sa shi a ido, shi ma daga nesa, lokacin da aka kawo shi gida don kaciya. Ya hango wani ɗan gajere mai kumatu, da giɓin famfara a baki, ya kau da kai. Fadawa kuwa suka yi ta zuba kirari, wai ba a taɓa yin sarki mai kara irinsa ba. Kara! Ni dai ban san ranar da watsar da ɗa ya zama kara ba.

Shekaru suka shuɗe, Shu'aibu ya tasa, ya kai munzalin balaga, sarki ya aika a dawo da shi. Yaro ya taho zuciyarsa fal da ɗokin ganin mahaifinsa. Ya shiga fada, ya faɗi ya yi gaisuwa. Sarki ya ja amawali, ya juya fuskarsa wajen bango, ya ce da waziri, "Ka gaya wa yaron nan an gaishe shi. Ka tambaye shi ko sun zo lafiya."

Shu'aibu ya ɗago kai. Muryarsa a lokacin ta fara buɗewa, rabi ta yaro rabi ta babba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ni a gabanka, kuma kunnuwana suna ji. Ina da suna, kai ka sa aka raɗa mini. In ba za ka dube ni ba, don me aka taso ni?" Ya miƙe ya fita, ba tare da an sallame shi ba.

 Sarki ya fusata ƙwarai. Waziri Jatau kuwa, wanda 'yarsa ke auren sarki, kuma ɗanta ne ke bin Shu'aibu a layin gado, ya ga faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya matso ya ce, "Allah ya ba ka nasara, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan kuwa ya riga ya bushe. Wanda ya mayar maka da magana yau, gobe karagarka zai nema." Nan take sarki ya yanke hukunci: da safe a tuɓe yaron a ƙofar fada a yi masa bulala, a kore shi daga ƙasar, kuma ba shi ba sarauta har abada.

Akwai wani tsoho da ya rako yaron daga garin riƙo, sunansa Malam Kailani. Shi ya koya masa karatu tun yana ƙarami, shi ne kuma mutanen garin ke kai wa matsalarsu in ta gagara. Da gari ya waye jama'a suka cika ƙofar fada, sai ga tsohon nan ya ratso su yana dogara sanda, idanunsa jawur. Ya yi sallama, ya zauna tun ba a ce ya zauna ba.

Ya ce, "Ya sarki, an ce babu mai ƙure ka a wasa ƙwaƙwalwa. Ina da tambaya biyu da roƙo ɗaya, daga nan ka yi abin da ka ga dama."

Sarki ya ce, "Faɗi, ka gajarta."

Malam Kailani ya ce, "Wane baƙo ne yake sauka a ɗaki ba ta ƙofa ba, farkonsa bai kai ƙwayar gero ba, yana ci ba baki, yana shurin mai masaukinsa tana murna, ranar da zai fito shi yana kuka masu gida suna guɗa?"

Sarki ya ce, "Ɗan da ke ciki ne. Ko 'yan mata sun san wannan."

"Madalla. To wane ne za ka bar shi yana rarrafe ka dawo ka tarar yana gudu, ka bar shi da haƙoran nono ka dawo ka tarar ya zubar ya sake wasu, ka bar shi da murya kamar sarewa ka dawo ka ji ta kamar ganga, alhali ba wanda ya musanya maka shi?"

Sarki ya ce, "Yaro ne mai tasowa. Tsoho, kana ɓata mini lokaci."

Malam Kailani ya buga sandarsa a ƙasa, ya ce, "Ya sarki, ka san yaron kowa a baki, to naka fa? Me uwarsa ta yi kwaɗayi lokacin laulayinsa? Wa ya riƙe hannunsa ranar da ya fara tata? Da ƙyanda ta kwantar da shi har muka fid da rai, sunan wa yake kira? Da ya fara jin jikinsa yana sauyawa, kunya ta hana shi tambaya, wa ya zaunar da shi ya gaya masa wannan ba ciwo ba ne, girma ne?"

Sarki ya daka tsawa, "Ɗan fari ne! Ka taɓa ganin mai mutunci ya tsaya bin diddigin ɗan farinsa?"

"Ashe kunya ta hana ka dubansa, amma ba ta hana ka tuɓe shi a bainar jama'a ba. To ga roƙona. Alƙali ba ya hukunta wanda bai tabbatar ba. A kawo shi tare da sa'o'insa na gidajen fadawa, a sa musu riga iri ɗaya, kada kowa ya yi magana ko ya ƙifta ido. Ka nuna mai laifin da hannunka, wanda ka nuna shi za a daka."

Waziri ya yi dariya, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, tsufa ya taɓa shi. Akwai uban da zai kasa gane ɗansa? A yi masa yadda yake so."

Aka jero samari biyar cikin fararen riguna, kawunansu a sunkuye. Sarki ya sauko, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Na farko baƙo ne a idonsa, na biyu ma haka. Na uku wani dogo ne siriri, wuya zalau, maƙogwaro ya fito, gashin baki ya fara tsiro, hannuwa sun fi ƙarfin hannun riga. Sarki ya wuce shi ko waiwaye babu. Gumi ya fara keto masa, domin abin da yake nema shi ne ɗan gajeren nan mai kumatu da ya hango ranar kaciya. Da ya iso kan na ƙarshe ya ga gajere ne mai jiki, sai ya ji sanyi a ransa, ya nuna shi ya ce, "Ga shi. Dogarai, ku tuɓe shi."

Sai aka ji ihu. Waziri Jatau ne ya zube ƙasa, rawani ya warware, yana cewa, "Ranka ya daɗe, Labaran ne! Autana ne! Wallahi ko kaza bai taɓa zagi ba!" Wanda ɗazu yake wa'azin tanƙwara icce, ga shi yana birgima a ƙura. Da ma an ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Malam Kailani bai ko dubi waziri ba. Ya ce, "Ya sarki, saura huɗu. Ka ci gaba da nunawa, wataƙila kafin ka gama dukan 'ya'yan mutane ka dace da naka."

Ba a taɓa gaya wa sarkin nan magana irin wannan ba. Ya dubi samarin, ya dubi jama'a, ya rasa inda zai sa kansa. Can ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Malam, nuna mini shi."

Tsoho ya ce, "Ba zan nuna ba. Ni na gaji da yi maka aikinka. Hanya ɗaya ta rage, kuma ka san ta."

Sarki ya juya ya fuskanci samarin. Sannan ya sa hannu ya sauke amawali daga fuskarsa, ya buɗe baki a gaban fadawa da talakawa, ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba tun ranar suna. Ya ce, "Shu'aibu."

Dogon nan siriri da aka wuce ya ɗago kai, hawaye na bin kuncinsa. Ya buɗe baki ya ce, "Na'am, Baba."

Sarki ya matsa kusa, sai ya ga idonsa da na yaron sun yi daidai, har yaron ya ɗan ɗara shi. Ya kama hannunsa ya ce, "Yaushe ka yi wannan tsawo?"

Malam Kailani ya ɗauki sandarsa ya miƙe, ya ce, "Kullum, ya sarki. Kaɗan-kaɗan, lokacin da kake kallon bango."

Sarki ya janye hukunci, ya sa aka mayar da bulala inda aka ɗauko ta, ya zaunar da ɗansa a damansa. Tun daga ranar, in aka kawo masa ƙarar yaro, sai ya fara tambayar wa ya raine shi, ya kuma dubi fuskarsa da kyau. Yakan ce da alƙalansa: farkon adalci sanin wanda za ka hukunta, kuma hannun da bai yi raino ba, ba shi da hakkin bulala.